Yaushe fata take iya ɗaukar halawa? Amsa ga wata amarya a Asawase

Wata ƙanwata daga Asawase, a nan Kumasi, ta aiko mini da tambaya, na kuma nemi izininta in amsa a fili, domin amare da yawa suna cikin irin halinta. Ta ce saura sati uku a ɗaura mata aure. Ba ta taɓa yin halawa ko waks ba, reza take amfani da ita, kuma kwana huɗu ke nan da askinta na ƙarshe. Wata takwas tana shafa wani man haɗi da ake dama mata a kasuwa, a fuska da wuya da hannuwa da ƙafafu. Ƙawayenta sun ce ta bari sai ana jibi ɗaurin aure ta yi halawar jiki duka don ta fito sumul. Tambayarta ita ce, ta yaya za ta san lokacin da ba hatsari?

Ƙanwata, shekara goma sha huɗu ke nan ina gyaran amare a Aboabo, kuma zan faɗa miki abin da zan faɗa wa 'yar da na haifa. Duk inda man nan ya taɓa a jikinki, kada halawa ta hau wurin kafin bikin nan. Inda bai taɓa ba kuwa, ana iya yi, amma ba ana jibi ba. Bari in warware miki dalili, domin in kin gane abin da halawa take yi wa fata, ke da kanki za ki riƙa gane ranar da ta dace.

Halawa suga ce da ruwa da lemon tsami, a dafa su har su yi danƙo. Waks na kanti kuma ana haɗa shi da kaki da ƙaron itace, wani a shafa a ɗora ƙyalle a fizge, wani a bar shi ya daskare a ɓamɓare shi da hannu. Dukkansu aikinsu ɗaya: su kama gashi su tumɓuke shi daga saiwa. Sai dai ba gashi kaɗai suke kamawa ba. Suna tafiya da ɓawon fata na can sama, wanda dama ya mutu yana jiran ya zube, shi ya sa jiki yake yin laushi da sheƙi bayan an gama. A lafiyayyar fata wannan ɓawon yana da kauri, a ƙarƙashinsa kuma akwai fata mai rai wadda ta kama jiki gam. In fatar ta yi siriri, babu abin da zai tsaya tsakanin danƙon da fata mai rai, sai a fizge a ga wurin ya saluɓe, ya yi ja yana tsattsafo ruwa kamar ƙunar ruwan zafi. Sannan kowace saiwa da aka cire ta bar ƙaramar ƙofa a buɗe, ɗaruruwansu a ƙauri ɗaya, kuma sai an kwana ɗaya zuwa biyu kafin su lafa. Duk maganar lokacin da ya dace tana komawa ga abu biyun nan: shin fatar tana da ƙarfin jure fizga, kuma shin jikin zai iya rufe ƙofofin kafin ƙwayar cuta ta shiga.

To, mu zo ga man haɗin, domin a zangonninmu nan ne matsalar take, kuma shi ne abin da aka fi ɓoye mini. Ban san sunan abin da aka zuba a naki ba, ke ma ba ki sani ba, robar ba ta da rubutu. Amma man da yake haskaka fata cikin sati biyu ko uku, akasari abu biyu ne ke aiki a cikinsa. Na farko haidurokwinon, wanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana ta hana shigo da kayan shafa masu ɗauke da shi tun 2016. Na biyu, wanda ya fi damuna a sana'ata, shi ne sitiroyid, wato 'yan tub ɗin nan da ake matsewa a cikin mai. Dermovate magani ne mai ƙarfi ƙwarai, likita ke rubuta shi don cutar fata, a shafa na ɗan lokaci a daina. Funbact-A ma akwai sitiroyid a cikinsa, ga shi mata sun mai da shi man shafawa na kullum, har jarirai ake shafa wa. Waɗannan magunguna ba su da laifi in an bi ƙa'idarsu. Amma in aka ɗauki watanni ana shafa su, suna hana fata gina kanta, ta riƙa sirancewa a hankali ba tare da mai ita ta ankara ba, ita dai tana ganin haske.

Ki tsaya a hasken rana, ba na ƙwan lantarki ba, ki dubi cikin dantsenki da saman cinyarki. In kina ganin koren jijiyoyi sun fito raɗau inda da ba a ganinsu, in fatar tana sheƙi kamar leda, in nankarwa mai faɗi mai ja ta fito miki alhali ba ciki kika yi ba ba kuma ƙiba ba, in ɗan bugu kaɗan yana bar miki taruwar jini, in ƙaramin yanka yana ɗaukar sati biyu bai rufe ba, to fatarki ta riga ta yi siriri. Akwai kuma wata alama da mata ba sa dangantawa da man: gashi. Sitiroyid yana sa gashi ya tsiro a gefen fuska da haɓa. Sai mace ta ga gashin da ba ta san shi ba, ta zo a cire mata shi da waks, a daidai wurin da fatar ta fi lalacewa.

Na taɓa yin wannan kuskuren da hannuna, shekaruna na farko a sana'a. Wata amarya ta zo, na tambaye ta ko tana shafa wani abu, ta ce man kaɗe kawai. Na ga gaɓoɓin yatsunta sun fi sauran hannun duhu, zuciyata ta raya mini wani abu, amma na ji nauyin in sake tambaya a gaban yayarta. Fizga ta biyu a dantse, fata ta biyo halawar, faɗin kamar yatsu uku. Yarinyar nan ta yi bikinta da bandeji a ƙarƙashin mayafi, wurin kuma da ya warke ya bar baƙin tabo wanda ya daɗe bai gushe ba. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, domin na ga alama na yi shiru. Tun daga ranar, ni da amarya kaɗai muke shiga ɗaki in zan yi tambayoyina, kuma ina ce mata ta zo da duk abin da take shafawa in gani da idona. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ba tona asiri nake nema ba, ba kuma wa'azi zan yi mata ba.

Na san abin da zai zo miki a rai: to bari in daina shafawa yau, kafin sati uku ai fatar ta dawo. Ba ta dawowa da wannan saurin. Bayan wata takwas, fata tana bukatar makonni masu yawa, wani lokaci watanni, kafin ta sake kauri, nankarwar kuma ba ta ɓacewa gaba ɗaya. Sannan yanke sitiroyid rana ɗaya bayan dogon amfani yana da nasa tashin hankalin: fuska ta yi zafi, ta yi ƙaiƙayi, ƙuraje su feso, launi ya dawo da duhu a rarrabe. Amarya ta ga haka saura kwana goma biki, sai ta koma wa man ta ninka. Don haka ki ɗauki robar ki je wurin likitan fata a cikin satin nan. Akwai sashen fata a asibitin koyarwa na Komfo Anokye, ko ki fara da asibitin da ya fi kusa da ke su tura ki. Likita zai tsara miki yadda za ki janye a hankali, shi ne kuma zai iya ce miki yanzu fatar ta isa a taɓa ta. Gashin hannu da na ƙafa na bikin nan, ki rage shi da ƙaramin injin aski mai batir, wanda yake yanke gashi a sama ba ya kankare fata. Wallahi a hoto ba wanda zai bambance.

Bayan man bilicin, abu na biyu da nake tambaya shi ne maganin ƙurajen fuska. Akwai ƙwayar da ake kira isotiretinoyin, an fi saninta da Roaccutane. Mai shan ta ba ta yin waks ko halawa a ko'ina a jikinta, kuma ko ta gama sha sai ta jira wata shida cur. Wannan ba ra'ayina ba ne, gargaɗin yana cikin takardar maganin. Na shafawa kuma, irin su Retin-A da Differin da duk man da aka rubuta retinol a jikinsa, suna sa ɓawon sama ya yi saurin zubewa. Likitocin fata suna cewa a dakatar da su kwana biyu zuwa biyar kafin a yi waks a wurin, ni kuwa a shagona sati guda nake cewa, don fatarmu tana riƙe tabo. Haka sabulai da ruwan wanke fuska masu asid ɗin da ke ɓare fata. Mai shan maganin tsinka jini irin su wafarin, ko asfirin na kullum, za ta iya tashi da taruwar jini a duk inda aka fizga, sai da izinin likitanta. Mai shan sitiroyid na haɗiya na dogon lokaci, da wadda ake yi wa maganin ciwon daji, ba na taɓa su sam.

Ciwon suga yana da nasa bayani, kuma ina so ki kai wa su Mama da gwaggonninki wannan, tunda lokacin biki su ma sukan zo gyara. Sugan da bai daidaita ba yana jinkirta warkewar ciwo, yana rage wa jiki ƙarfin yaƙi da ƙwayar cuta, in ya daɗe kuma yana kashe jin da ke ƙafa. Sai a ɗora wa mace waks mai zafi a ƙauri ta ce ba ta ji komai ba, alhali ta ƙone. Ƙaramin ƙurji a ƙafar mai suga yana iya zama gyambo. In sugan yana kan hanya, likita ya yarda, ana iya yin halawa mai ɗumi kaɗan a hannu ko hammata. Ƙafa kuwa daga gwiwa zuwa ƙasa, ni ba na yi wa mai suga, ko ta roƙe ni.

Ko da ba ki shan komai ba ki shafa komai, ranar da za a yi sai an duba wurin. Ba a ɗora halawa a kan ƙuraje, ko maruru, ko yankan reza da bai warke ba, ko cizon sauro da aka sosa ya fashe. Makero da ƙyasbi da ƙazuwa sai an yi maganinsu tukuna, domin hannu da danƙo za su kwashe su daga wuri su kai wani wuri. Ƙurajen zafi, waɗanda suke damun mutane a nan cikin Fabrairu da Maris, a bari su kwanta. Tawadar Allah mai tudu, da ƙari ko wani tsiro a fata, da jijiyoyin ƙafa da suka kumbura suka murɗe, kewaye su ake yi. In ƙuraje masu ruwa sukan fito miki a leɓe, kada a cire gashin baki sai sun bushe sun warke.

Akwai kuma abin da ya shafe mu baƙar fata musamman. Duk ciwon da ya sami fatarmu, ko ƙarami ne, yana iya barin duhu bayan ya warke, kuma duhun nan yana ɗaukar watanni. Wasu kuma jikinsu yana yin tabon da ke tashi ya yi tudu ya wuce girman ciwon, irin wanda ake gani a kunnen wasu bayan huji, likitoci suna kiransa keloyid. In kina da irinsa, ko yana bin danginku, ki yi nesa da duk abin da zai iya ƙona ki ko ya saluɓe miki fata, musamman a ƙirji da kafaɗa da haɓa. Gashinmu kuma mai lanƙwasa ne, in ya karye a ƙarƙashin fata maimakon ya fito da saiwarsa, sai ya naɗe ya tsiro ciki ya zama ƙurji. Shi ya sa na fi son halawa a kan waks: ana shafa ta saɓanin kwanciyar gashi a fizge ta bin kwanciyarsa, gashin bai cika karyewa ba, kuma zafinta bai wuce ɗumin jiki ba sosai. Amma kada wani ya ce miki tunda suga ce da lemon tsami ba ta da illa. Amaryar da na ba ki labari, halawa ce ta ji mata ciwo.

Yanzu ga inda man bai taɓa ba, wato hammata da mara, in har gaskiya ne bai taɓa ba. Na faɗi haka ne don na san ana shafa shi a hammata da matsematsi don a rage duhun wurin. In kin shafa, hukuncinsu ɗaya da sauran jikin. In ba ki shafa ba, ajiye reza daga yau. Gashi yana bukatar ya kai tsawon ƙwayar shinkafa, kamar milimita shida, kafin danƙo ya kama shi da kyau, kuma bayan aski hakan yana ɗaukar sati biyu zuwa uku. In ya gaza haka, mai yi za ta yi ta maimaita wuri ɗaya, maimaitawar nan ce take cin fata. In ya wuce santimita biyu kuma a rage shi da almakashi, don dogon gashi ya fi zafin fizga. Ke da kika yi aski kwana huɗu da suka wuce, nan da sati biyu gashinki ya isa, kuma saura sati guda ke nan biki. Ranar da nake so ki yi ke nan. Wadda ba ta taɓa yi ba, ba ta san yadda jikinta zai amsa ba. Wata sai ƙananan ƙuraje su fito mata washegari su ɗauki kwana uku ko huɗu, wata ta yi borin jini saboda ƙaron da ke cikin waks. Sati guda ya ishi duk wannan ya kwanta, gashin kuma ba zai dawo kafin biki ba, domin akan yi sati uku zuwa huɗu kafin a sake bukatar yi. Shawarar ana jibi da ƙawayenki suka ba ki, ga wadda ta saba ma ta yi kurkusa, balle ke. Kuma kwana biyu kafin ranar halawar, a gwada a ɗan wuri kamar faɗin kwabo, a ga abin da zai faru.

Ki duba lissafin al'adarki ma. Kwanaki kaɗan kafin ta zo da lokacin da ake cikinta, jiki ya fi jin zafi, abin da za ki iya daurewa a wata rana sai ki ji kamar ana yanka ki. Ba hatsari ba ne ga hannu ko hammata, zafin ne kawai. Mara dai a bari sai an yi wanka. Satin da ke biye da tsarki ya fi sauƙi ga yawancin mata.

Wani wurin da amare suke cutuwa shi ne tara komai a rana ɗaya. A yi dilka a murje jiki, a yi halawa, a shiga turaren jiki a lulluɓe da bargo a kan garwashi, a fito a zauna zanen lalle, duk tsakanin hantsi da la'asar saboda alwanka tana jira. Dilka tana kankare ɓawon sama, shi ne fa kariyar da halawa take bukata. Ki bar aƙalla kwana biyu tsakanin murza mai ƙarfi da halawa, ki sake barin kwana biyu bayanta kafin a koma murza ko a shiga hayaƙi. Soson ragar nan namu na wanka ma murza ne, ki sassauta masa a ranakun nan, haka sabulun salo, wanda Asantawa suke kira alata samina, yana da kyau amma yana busar da fata yana kuma yin raɗaɗi a wurin da aka cire gashi. Baƙin lalle kuwa ina jin tsoronsa ko a lafiyayyar fata, domin abin da ke sa shi baƙi wuluk cikin sa'a guda sinadarin rinin gashi ne, kuma yana tayar wa wasu da ƙuraje masu ruwa a bin zanen, fure ya zama tabo. A fatar da aka yi wa halawa jiya, ko wadda mai ya sirantar irin taki, hatsarin ya fi yawa. Jan lalle na ganye ya fi miki. In kuma kin yi amfani da man cire gashi irin Veet a wani wuri, kada halawa ta biyo baya a wurin cikin satin.

Yanayin garin nan ma yana shiga lissafi. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, fata tana bushewa ta yi fari-fari har ta tsage, don haka a yi kwanaki ana shafa man kaɗe kafin ranar, amma ranar kanta a zo da jiki ba mai, in ba haka ba danƙon ba zai kama ba. Da damina kuma laima tana sa halawa ta saki ta yi ruwa, gumi yana hana ta kamawa. Da safe nake yi wa mutane a irin wannan lokaci, ina barbaɗa hoda kaɗan, kuma ina ce musu kada su fita su shiga cunkoson kasuwar Kejetia da rana tsaka suna gumi cikin matsattsun kaya.

Sai maganar wa zai yi miki. In kin shiga wuri, ki dubi tukunyar waks. In mai yi tana tsoma itace ɗaya ta shafa a jikin mutum ta sake mayar da shi cikin tukunya, ki yi sallama ki fita. Zafin waks bai kai ya kashe ƙwayoyin cuta ba, in da ya kai da ya ƙone ki, kuma a hammata da mara akan ga ɗigon jini a bakin saiwa. Curin halawa na mutum ɗaya ne, an gama a zubar. Ta wanke hannu ta sa safar hannu, shimfiɗar ta zama sabuwa, ta gwada zafin a tsintsiyar hannunta sannan a naki. Mai aikin da ta san abin da take yi za ta yi miki tambayoyi kafin ta taɓa ki. Wadda ta ce kwanta kawai ba ta tambayi komai ba, ba ta san abin da zai iya faruwa ba, ko kuma bai dame ta ba.

Game da mara, ni ba na yi wa kowa, koya nake yi. Malamanmu sun karantar da mu cewa tsakanin cibiya da gwiwa al'aura ce ko a tsakanin mata, ba a buɗe ta sai da lalura, kuma cire gashi abu ne da mace za ta iya yi wa kanta. Ki fara da gefe-gefe, ɗan curi kaɗan, ki miƙe fatar da hannu ɗaya, ki fizge a kwance bin jiki, kada ki ɗaga sama. Kada ki wuce sau biyu a wuri ɗaya. Can ciki inda fata take da taushi, almakashi ko injin ya fi. Jiran da na ce ki yi na sati biyu ko uku bai ci karo da addini ba, tunda hadisin Anas da ke cikin Sahihu Muslim ya sa iyaka ne a kwana arba'in ga gashin hammata da na mara. Gira kuwa kin san hukuncinta, ba na taɓa ta. Mai niyyar layya kuma ta tuna ta yi gyaranta kafin watan Zulhajji ya kama, saboda hadisin da ya ce a kame daga gashi da farce a kwanaki goman.

Tunda aure za ki shiga, bari in ƙara miki ta gaba, Allah Ya kawo masu albarka. Mai ciki lafiyayye tana iya yin halawa, sai dai fatarta ta fi jin zafi ta fi saurin kumbura, in kuma duhun ciki ya fito mata a fuska a bar fuskar. Abin da nake hanawa shi ne al'adar nan ta ruga a cire gashin mara ana gab da haihuwa don kunyar ma'aikatan asibiti. In aka yi aiki, ƙananan raunukan da aski ko halawa suka bari suna ƙara hatsarin wurin ɗinki ya kamu, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta hana aske wurin da za a yi tiyata da reza, in ya zama dole sai a rage da inji. Bayan haihuwa a bari a yi arba'in, mai ɗinki kuma sai ya warke sarai likita ya gani.

Bayan an gama halawa, kwana biyu ki yi wanka da ruwa mai sanyi ko mai ɗumi kaɗan, ki sa kaya masu sakewa na auduga, kada turare ko man hana warin hammata ko alum su taɓa wurin, kada ki zauna cikin rana. Ɗan zafi da ƙananan tudu kamar fatar kaza na kwana ɗaya ko biyu ba komai ba ne, ƙyalle mai sanyi yana kwantar da su. Ana cewa a lura da ja, amma a fata mai duhu ja ba ya fitowa sosai, don haka ki yi amfani da bayan hannunki. In wurin ya fi kewayensa zafi, ya kumbura ya yi tauri yana sheƙi, ciwon yana ƙaruwa maimakon raguwa bayan kwana biyu, ko mugunya ta taru, ko kaluluwa ta fito miki, ko zazzaɓi ya rufe ki, ki tafi asibiti a ranar. Kada ki matse, kuma don Allah kada ki shafa tub a kai, sitiroyid yana ɓoye alamar ne ƙwayar cutar tana ci gaba a ƙasa. In fata ta saluɓe, a wanke da ruwa mai tsabta, a shafa basilin, a rufe, a kare wurin daga rana.

Ki zo shago ranar Asabar bayan azahar, lokacin babu mutane, ki taho da robar man da duk sabulun da kike wanka da shi. Zan duba dantsenki da hammatarki a haske, mu ƙirga ranakun tare da na al'adarki, in nuna miki yadda ake riƙe curin. In Mama za ta rako ki, ki gaya mini tun kafin ku iso ko ta san da maganar man, don in san yadda zan yi tambayoyina.